Felice Beato, Mai Hoton Da Ya Riƙa Ɗinke Birane

A kan wani ɗan tudu da ake kira Atago, cikin birnin Edo na ƙasar Japan, wani Bature ya kafa akwatin ɗaukar hoto wajen shekarar 1865 ko 1866. Ya ɗauki hoto ɗaya, ya ɗan juya akwatin, ya sake ɗauka, har sau biyar. Da ya koma ɗakin aikinsa a Yokohama sai ya yanke gefen takardun da wuƙa, ya haɗa su baki da baki, suka zama dogon hoto guda wanda ya fi yadi ɗaya tsawo. A cikinsa ana ganin rufin gidajen sarakuna da na talakawa sun miƙe har bakin teku. Bayan shekara biyu ko uku mulkin da ya gina birnin ya faɗi, aka sake masa suna Tokyo. Girgizar ƙasa ta 1923 da boma-boman 1945 suka share abin da gobara da sababbin gine-gine suka rage. Duk mai son ya ga kamannin Edo a yau, cikin abubuwan farko da za a nuna masa akwai waɗannan takardu biyar da aka manna.

Sunan Baturen Felice Beato. An haife shi a birnin Venice na Italiya cikin 1832, amma ya tashi a tsibirin Corfu, kusa da gaɓar ƙasar Girka. A zamanin nan tsibirin yana ƙarƙashin kāriyar Ingila, saboda haka yaron ya girma da takardun ɗan ƙasar Birtaniya. Wannan abu kuwa shi ya buɗe masa ƙofofin da ya shiga daga baya, gama kusan duk inda sojan Ingila suka kai yaƙi a Gabas cikin shekara talatin, sai a tarar da shi a bayansu da kayan aikinsa.

A Santambul ya koyi sana'ar. Can ya yi aiki da wani Ba'ingilishe, James Robertson, wanda ke aikin zāna tambarin kuɗi a gidan buga kuɗi na Sarkin Musulmin Turkawa, yana kuma ɗaukar hoto a gefe. Cikin 1855 Robertson ya auri 'yar'uwar Beato, abokan aiki suka zama surukai. Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Kirimiya, inda Ingila da Faransa da Turkiyya suka taru a kan Rasha. Kafin su, wani mai suna Roger Fenton ya riga ya je fagen, ya komo da hotunan hafsoshi cikin kyawawan tufafi da na tantuna a jere. Robertson da Beato su kuwa suka nuna kagarun Sebastopol bayan faɗuwarta cikin Satumba 1855, da rusassun ganuwa da igwogi a watse. Daga nan suka zaga Birnin Ƙudus cikin 1857. Da shekara ta kewayo Beato ya kama hanyar Indiya shi kaɗai.

Kafin a bi shi can, ya kamata mai karatu ya san irin wahalar da ke cikin ɗaukar hoto ɗaya tak a wannan zamani, balle shida ko bakwai da za su dace da juna.

Babu fim a lokacin. Fim na naɗi bai yaɗu ba sai bayan da George Eastman ya fito da kyamarar Kodak cikin 1888. Abin da Beato ya fi aiki da shi faifan gilashi ne, bisa dabarar da Frederick Scott Archer ya bayyana cikin 1851. Mai hoto zai goge gilashin tas, ya zuba masa wani ruwa mai danƙo da ake kira kolodiyan, ya karkata shi ta kowace kusurwa har ruwan ya rufe shi daidai. Sa'an nan ya tsoma shi cikin ruwan maganin azurfa a cikin duhu, ya sa shi a akwati tun yana jiƙe, ya buɗe idon kyamara na 'yan daƙiƙoƙi, ya ruga tantinsa ya wanke kafin gilashin ya bushe. In ya bushe, aiki ya ɓaci. Tsakanin zubawa da wankewa bai wuce minti goma zuwa goma sha biyar ba, a ƙasar zafi ma bai kai haka ba, domin ɗaya daga cikin ruwayen da ake narka kolodiyan da su yana tafasa ne da zafin da bai fi na jikin mutum ba. Ga ƙura, ga ƙudaje, ga neman ruwa mai tsabta. Duk inda mai hoto za shi sai da tantin duhu, da kwalabe, da akwatunan gilashi, da masu ɗaukar kaya.

Ba a kuma ƙara girman hoto a lokacin. Ana ɗora gilashin ne a kan takardar da aka shafa wa farin ƙwai da maganin azurfa, a ajiye a rana har hoton ya fito. Girman gilashi shi ne girman hoto. Idon kyamarorin zamanin kuwa ba shi da faɗin gani, in an matsa masa sai gefen hoton ya yi duhu ko ya dushe. To, wanda ke son ya nuna birni ɗungum, daga ganuwar gabas har ta yamma, ba shi da wata hanya sai ya ɗauke shi gunduwa-gunduwa ya ɗinke. Irin wannan dogon hoto shi ake kira fanorama.

A nan ne gwanintar Beato ta fito. Da farko sai ya nemi wuri mai bisa, hasumiya ko ganuwa ko tudu. Dalilin ba don a ga nesa kaɗai ba ne. In akwai abu kusa da kyamara, itace ko shinge, da an juya akwatin sai matsayinsa ya gusa daga abin da ke bayansa, ba zai taɓa haɗuwa daidai a mahaɗar takardu ba. Daga sama kuwa komai yana nesa, gusawar ba ta da yawa. Bayan haka dole ƙafafun kyamarar su zauna daidai wa daida, in ba haka ba layin da sama ta haɗu da ƙasa zai riƙa hawa ko gangara daga takarda zuwa takarda kamar matakala. Kowane hoto kuma sai ya ɗan hau kan na kusa da shi, yadda hasumiyar da ta zo a ƙarshen na farko za ta sake bayyana a farkon na biyu. Wannan rarar ce ake yankewa daga baya, mai wayo kuwa yakan sa yankan ya bi gefen wani gini ko gindin itace, inda ido ba zai lura ba.

Sai kuma rana, wadda ba ta jiran kowa. In kowane gilashi ya ci minti goma sha biyar, gilashi shida sun ci sa'a ɗaya da rabi, inuwar da ta kwanta a hoton farko ta riga ta taƙaita ko ta juya a na ƙarshe. Gajimare ya gifta, hasken ya sake. Dole mai hoto ya yi sauri, ya kuma auna daƙiƙoƙinsa yadda duhun gilasan zai zo ɗaya, sa'an nan wajen bugawa ya sake daidaita takardun don kada wata ta fi wata ja ko baƙi. Abu ɗaya ne ya sauƙaƙa masa: maganin yana jin shuɗin haske ƙwarai, saboda haka sama takan fito fara fat ba gajimare, farar sama kuwa ba ta da wuyar haɗawa. Mutane da dabbobi masu tafiya su kuma ba su fitowa, ko su fito kamar hayaƙi. Shi ya sa titunan biranen da ke cikin waɗannan hotuna suke kamar an yi annoba, alhali kuwa cike suke da jama'a.

Beato ya sauka Kalkata cikin Fabrairu 1858. Babban boren da sojan Indiya da sarakunansu suka yi wa Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya cikin 1857 ya kusa mutuwa, an kama Delhi, an kama tsohon sarki Bahadur Shah, wanda aka kai Rangoon ya rasu can cikin 1862. Beato ya hau saman babban Masallacin Jumma'a na Delhi, wanda Shah Jahan ya gama ginawa cikin 1656, ya ɗauki birnin a jere. A lokacin masallacin yana hannun soja, ba a mayar wa Musulmi shi ba sai 1862. Ba da daɗewa ba hukuma ta rushe unguwannin da ke kusa da Jar Fada domin igwa ta sami fili. A Lucknow ma haka aka yi, ya ɗauki fādoji da lambuna da ƙubbobi daga sama, bayansa aka rushe da yawa. Masu binciken tarihin waɗannan birane biyu har yau suna bin fanoramominsa gida-gida domin su gane abin da ke wurin kafin rusau.

Amma a Lucknow ɗin ne ya yi abin da ya ɓata masa suna. Akwai wani lambu mai katanga, Sikandar Bagh, inda sojan Sir Colin Campbell suka kashe 'yan bore wajen 2,000 ran 16 ga Nuwamba 1857. Beato ya isa bayan wata huɗu ko biyar. Hoton da ya ɗauka ya nuna farfajiyar ginin cike da ƙasusuwa da ƙoƙunan kai, da waɗansu Indiyawa tsaye da doki a baya. Wani babban ma'aikacin hukuma da ke garin a lokacin, Sir George Campbell, ya rubuta cikin tarihin rayuwarsa cewa an riga an rufe gawawwakin, Beato ne ya sa aka tono su. Kisan dai an yi shi, ƙasusuwan kuma na mutanen da aka kashe ne. Abin da aka ƙaga shi ne shimfiɗa su don kyamara. Masu sayen hoton a Ingila ba su sani ba, ba su kuma tambaya ba. Su abin da suka gani shi ne sakayyar da aka yi wa waɗanda suka taɓa Turawa. Ba a ga Beato ya tono kabarin Bature ko ɗaya ba.

Cikin Maris 1860 ya isa Hong Kong, inda rundunar Ingila ke taruwa don kai wa Sin yaƙi karo na biyu a kan cinikin banjun ofiyam da buɗe tashoshin jiragen ruwa. A nan ma ya yi fanorama. Ya ɗauki manowa da jiragen kaya cike da tashar, ya bi runduna arewa, a garin Pehtang ya haɗa hotuna bakwai suka ba da tsawon da ya wuce ƙafa shida, mahaɗarsu da ƙyar ake gane ta. Ran 21 ga Agusta aka ci kagarun Taku da ke tsare bakin kogin da ke zuwa Peking, watau Beijing ta yau. Beato ya shiga tun jini bai bushe ba. Wani likitan soja, Dr. Rennie, ya rubuta cewa ya same shi cike da zumuɗi, yana roƙon kada a taɓa gawawwakin Sinawa sai ya gama. Hotunan sun nuna hanyar zuwa kagara, da tsanin da aka jingina, da ɓarnar igwa, da matattu a ciki, bi da bi kamar labari. Masana da yawa suna lissafa su a matsayin karo na farko da aka ba da labarin yaƙi da hotuna tun daga farko har ƙarshe. A nan ma matattun duk na ɓangare ɗaya ne.

A Peking ya hau ganuwa ya ɗauki birnin, da ƙofofinsa da rufin fādar sarki can nesa. Ya kuma ɗauki waɗansu gine-gine na lambunan bazara na sarki 'yan kwanaki kafin Lord Elgin ya ba da umarni a cinna musu wuta ran 18 ga Oktoba, domin ramuwar fursunonin da aka azabtar suka mutu a hannun Sinawa. Ran 24 ga wata, wajen sa hannu a yarjejeniya, ya turo akwatinsa ya auna Yarima Kung, ƙanen sarki. An ce fuskar Yariman ta sake, don ya zaci wata irin igwa ce aka kafa masa. Hasken zauren bai isa ba, hoton bai fito ba. Sai bayan 'yan kwanaki Yariman ya yarda ya zauna aka ɗauke shi. Cikin 1861 Beato ya kai kayansa London, ya sayar wa wani ɗan kasuwa, Henry Hering, hotunan Indiya da Sin wajen 400.

A Sin ne ya yi abota da Charles Wirgman, mai zāne na wata jaridar London, shi ne kuwa ya ja shi Japan. Ya zuwa 1863 Beato yana Yokohama, su biyu suka buɗe kamfani tare daga 1864 zuwa 1867. Japan ba ta daɗe da buɗe wa baƙi ƙofa ba, ba kuma da son ranta ba. An hana Turawa yin nisa fiye da wajen mil ashirin da biyar daga tashoshin da aka ba su, mayaƙa masu takobi biyu kuwa suna jin haushinsu. Cikin Nuwamba 1864 aka sare hafsoshin Ingila biyu, Baldwin da Bird, a Kamakura, jim kaɗan bayan sun rabu da Beato da Wirgman a hanya. Duk da haka Beato ya san yadda zai maƙale wa jakadu, waɗanda su ke da izinin tafiya, ta haka ya shiga Edo da sauran wuraren da aka haramta. Ta wannan hanya ce ya kai tudun Atago.

Cikin 1866 gobara ta cinye yawancin Yokohama, ta haɗa da ɗakin aikinsa da gilasansa. Ga mai hoton zamanin nan gilashi shi ne jari, gama daga gilashi ɗaya ana iya buga takarda ɗari. Ya sake fita ya ɗauko sababbi, cikin 1868 ya fito da kundi biyu, ɗaya na wurare, ɗaya na mutane da sana'o'insu. Ya ɗauki masu zāne 'yan ƙasa suna shafa wa hotunan launi da hannu, da irin ruwan launi marar kauri da Japanawa suka gwanance da shi tun zamanin bugun katako. Wannan salo ya zama kasuwa babba a Yokohama har ƙarshen ƙarnin. Ɗaya daga cikin yaransa, Kusakabe Kimbei, ya buɗe nasa ɗakin ya shahara. Sai dai a sani, da yawa cikin hotunan mutanen a ɗaki aka shirya su, da tufafin aro, bisa ga abin da baƙi ke son su saya.

Cikin 1871 ya bi jiragen yaƙin Amurka zuwa Koriya, ya ɗauki kagarun tsibirin Ganghwa bayan an ci su. Hotunansa suna cikin na farko-farko da aka sani na wannan ƙasa. Daga nan hankalinsa ya fara barin hoto. Ya sayi filaye, ya sa hannu a babban otal na Yokohama, ya shigo da darduma da jakunkunan mata, ya yi ta shiga kotu, wani lokaci shi ke ƙara, wani lokaci shi ake ƙara. Cikin 1873 aka naɗa shi ƙaramin jakadan Girka a Japan. Cikin 1877 ya sayar da yawancin gilasansa ga kamfanin Stillfried da Andersen. Ya shiga cacar farashin azurfa a kasuwar Yokohama, ta cinye shi. Ƙarshen Nuwamba 1884 ya bar Japan bayan shekara ashirin da ɗaya, hannunsa ba komai.

Ya sauka Masar daidai lokacin da Janar Wolseley ke hawan Kogin Nilu don ceto Gordon, wanda mayaƙan Mahadi Muhammad Ahmad suka kewaye a Hartum. Birnin ya faɗi ran 26 ga Janairu 1885, jiragen ceto suka iso bayan kwana biyu. Beato, wanda ya saba isa fage bayan an gama yaƙi, wannan karo ya makara ƙwarai, sai cikin Afrilu ya haɗu da Wolseley, ya bi shi Sawakin, tashar da alhazan ƙasar Hausa masu tafiyar ƙasa suka daɗe suna ƙetarewa zuwa Jidda daga cikinta. Abin da ya tarar shi ne runduna tana shirin janyewa. Cikin 1886 ya yi wa wata ƙungiyar masu hoto lacca a London a kan dabarunsa, sa'an nan ya sake nufar Gabas.

Ingila ta tuɓe Sarki Thibaw na Bama a ƙarshen 1885, ta haɗiye arewacin ƙasar. Ba a daɗe ba Beato ya bayyana a Mandalay, yana da shekara hamsin da 'yan kai. Ya ɗauki fādar katako ta sarakunan Bama, wadda ta ƙone cikin yaƙin 1945, ya buɗe ɗakin hoto da kantin sayar da kayan sassaƙa da na azurfa da siliki ga baƙi masu yawon buɗe ido. Kantin ya karɓu har ya yi reshe a Rangoon. Zuwa lokacin kuwa sana'ar da ya yi suna da ita ta fara zama tsohon yayi. Fim ya zo, wajen 1900 aka fara sayar da kyamarori masu ido mai juyawa da kansa, waɗanda ke ɗauke faɗin gari a kan fim guda ba yanka ba manni. Masu ƙananan kyamarori dai sun ci gaba da jera hotunansu a tebur suna mannawa har ƙarshen ƙarni na ashirin, yau kuma wayar hannu ke yin ɗinkin cikin daƙiƙa, amma ƙa'idar ba ta sake ba: a tsaya wuri ɗaya, a juya a hankali, kowane hoto ya ɗan hau kan ɗan'uwansa.

Ƙarshen rayuwarsa ya daɗe a duhu. Shekaru da yawa littattafai suna cewa ya mutu a Bama wajen 1905 ko 1906. Har ma ba a tabbatar ko shi wane ne ba, domin akwai hotuna masu sa hannun Felice Antonio Beato, waɗansu daga Masar, waɗansu daga Japan, a shekaru guda, abin da ya sa masana suka riƙa mamakin yadda mutum ɗaya ke zama wuri biyu. Sai cikin 1983 wata mai bincike, Chantal Edel, ta nuna cewa 'yan'uwa biyu ne. Antonio ya zauna a Luxor yana ɗaukar hotunan tsofaffin gine-ginen Fir'auna har mutuwarsa cikin 1906. Takardar shaidar mutuwar Felice kuwa ba ta fito ba sai 2009. Ita ce ta nuna an haife shi a Venice cikin 1832, ya kuma mutu a birnin Florence ran 29 ga Janairu 1909.